Maɓalli Ɗaya a Gwangwani

Ni tela ce. Shekara goma sha huɗu ina ɗinki a cikin gida, a nan Kano, kuma kafin rasuwar baban yarana ban taɓa kwana uku a jere ban taka keke ba, sai in ina jego. Ya rasu a tsakiyar Oktoban 2022 bayan jinyar kwana shida. Ya bar mini yara huɗu, babbar tana aji biyu na babbar sakandare, autan ko shekara biyar bai cika ba.

Takaba ba ta ba ni wuya kamar yadda na zata ba. Wata huɗu da kwana goma gida cike yake, Inna ta tare a wurina, dangi suna aiko da abinci, kuma kowa ya san mai takaba ba a jiran komai daga gare ta. Na fita a ƙarshen Fabrairun 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa mutane suna kwana a layin banki. Aka yi sadaka, aka yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Wata gwaggon marigayi ta dafa kafaɗata a bakin zaure ta ce, "To 'yar nan, kuka ya ƙare. Sai a ɗaura ɗamarar riƙon marayu." Gaskiya ta faɗa, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa.

A daren na ɗauko littafin da nake rubuta awo, na buɗe shafin ƙarshe, na rubuta wa kaina dokoki. Tashi ƙarfe uku don nafila. Izu biyu kullum. Azumin Litinin da Alhamis. Ɗinki kala uku a rana. Biyan bashin jinya kafin Babbar Sallah. Ba zan ƙara kuka a gaban yara ba. Da na gama rubutawa na ji wani sanyi a raina, kamar na riga na aikata.

Kwana biyu na yi a kai. Rana ta uku na makara har rana ta fito, na rama Asuba ina kuka, yaran suna kallona. Da dare na sake rubuta wasu dokokin, na ƙara musu tsauri don in hukunta kaina. Haka na yi ta yi. Kullum "daga gobe". Gobe ta zo in kasa, in ce wa kaina ba ni da amfani, in ƙara ɗaukar alkawarin da ya fi na jiya nauyi.

Abin da ke damuna a lokacin ban san sunansa ba. Ƙarfe biyun dare idona zai buɗe tarwai, ƙirjina kamar an kifa mini turmi, ba zan koma barci ba sai gab da kiran sallah. Abinci ya zama kamar dusa a bakina. Kitso ɗaya ya yi mako biyar a kaina. Wanka, wanka dai da kowa ke yi, sai in zauna a bakin gado ina lissafa shi: ɗebo ruwa, neman soso, cire kaya, mayar da kaya, har Azahar ta yi ban tashi ba. Jikina ko'ina ciwo, sau uku ina aikawa kemis a haɗo mini maganin maleriya da taifot. Abin da ya fi tsorata ni shi ne mantuwa. Ni da nake kallon mace sau ɗaya in san faɗin kafaɗarta, sai in auna, kafin in kai biro kan takarda lambar ta ɓace.

A haka azumi ya kama, ranar 23 ga Maris. Duk tela ya san ɗinkin Sallah shi ne kakarmu. Na karɓi kala ashirin da bakwai. Da lafiyata ma ban taɓa wuce ashirin ba. Ina bukatar kuɗin, wannan gaskiya ne, amma akwai wani dalilin a ƙasa: so nake a ce ta miƙe, ta yi jarumta. Ledoji suka taru a kusurwar ɗaki har suka kai rabin bango. Kullum in zauna a gaban keke in kalle su, in rasa wacce zan fara ɗauka, in tashi.

Daren ashirin da bakwai ga azumi na ce yau ko ni ko su. Na shimfiɗa wani leshi ruwan toka mai duwatsu na wata Hajiya da ta daɗe tana kawo mini ɗinki, na zana da alli, na sa almakashi. Sai da na gama yanka riga na ɗaga ta, na ga ko hannun Hajiyar ba zai shiga ba. Awon wata yarinya na duba, a shafin da ke kallon nata. Leshin dubu arba'in da biyar. Na zauna a ƙasa riƙe da shi har aka yi kiran assalatu, ban yi sahur ba.

Kala tara na iya gamawa. Jajibirin Sallah, ranar Alhamis, mata suka yi ta sallama a tsakar gida, ni kuwa ina bayan ƙofa a tsugune, ina jin babbar 'yata tana cewa, "Umma ba ta nan." Yarinyar da na raina a kan kada ta yi ƙarya, ita ce ta tsaya tana yi saboda ni, tana miƙa wa mutane atamfofinsu, wasu an yanka, wasu ko warware su ba a yi ba. Na ji abin da wasu suka faɗa, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ya yi tanadin wata da watanni don 'ya'yansa su fita kunya ranar idi.

Bayan Sallah na rufe keken da tsohon zane, na saki labule, na kwanta.

Masu zuwa dubiya kowa da abin da ya gani. Wasu suka ce ƙarancin tawakkali ne, ai ba a kaina aka fara mutuwar miji ba. Wasu suka ce son jiki. Wata ta rantse sammu ne daga abokan sana'a. Ƙanina ya kawo wani malami ya yi mini ruƙiyya kwana uku, kuma har gobe ina yi wa bawan Allahn nan addu'a, don a rana ta uku ya kira ƙanin nawa gefe ya ce a ci gaba da addu'a amma a kai ni asibiti. Ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Yayata ce ta zo da kanta ta ɗaga labulen. Na ce, "Yaya, Dawanau za ki kai ni? So kike a ce uwar marayu ta haukace, a ƙi auren 'ya'yana?" Duk wanda ya tashi a Kano ya san yadda ake jifan mutum da sunan wannan asibitin. Ta ce, "Ko can ɗin ne, mutane ne irinmu suke zuwa su warke su koma gidajensu. Tashi ki sa hijabi." Ba ta tsaya jan magana ba, ta riga ta tsayar da adaidaita a ƙofar gida. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano muka je, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Likitar da na gani ba ta kai ni shekaru ba. Ta yi mini tambayoyi guda tara daga wata takarda, duk a kan makonni biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, ko ina jin daɗin abin da na saba jin daɗinsa, ko ina ganin kaina a matsayin wadda ta kunyata iyalinta. Ta ƙarshe ita ce ko ina jin gara a ce na mutu. Ban taɓa furta wannan ga kowa ba. Na ɗaga kai alamar e. Ba ta yi salati ba, ba ta zaro ido ba. Ta ƙara wasu tambayoyin a hankali, ta kira Yaya ta yi mata bayanin yadda za a kula da ni. Ta sa aka duba jinina da maƙogwarona, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo kan kawo irin wannan kasala. Daga nan ta ce abin da nake da shi ciwon damuwa ne, ciwo ne sananne, kuma ana warkewa. Ta rubuta ƙwaya ɗaya da dare, ta gargaɗe ni cewa sai ta yi mako biyu zuwa huɗu kafin in fara jin aikinta.

Ban san me ya sa na tafi da littafin awon ba. Na buɗe mata shafukan dokokina, ina so ta ga cewa na yi ƙoƙari. Ta karanta duka, ta rufe, ta ce, "Hajiya, wanda ya karye a ƙafa ba a ce masa ya yi tsere don ya nuna yana son warkewa. Faɗa mini abu ɗaya da za ki iya yi gobe, ko da goben ta fi kowace rana muni."

Na ce zan ɗinka riga ɗaya.

"Rage."

Na ce to zan yanka.

"Rage."

Muka yi ta sauka har muka zo kan wannan: in na sallame Asuba, in ɗaga labule, in buɗe taga, in fito tsakar gida in zauna a kan kujera 'yar tsugunno har rana ta taɓa saman katanga. Shi ke nan. Raina ya ɓaci. Mace mai 'ya'ya huɗu da bashi a wuya, a ce aikinta buɗe taga? Na ga kamar ta raina ni, na kuma faɗa mata hakan.

Bayanin da ta yi shi ne abin da na fi riƙewa a duk zuwana asibitin. Ta ce mai lafiya yakan ji sha'awar abu sannan ya yi shi. Ciwon damuwa kuwa sha'awar yake fara kashewa, sai mutum ya zauna yana jiran ranar da zuciyarsa za ta so, ranar kuma ba za ta zo ba, don zaman da kansa yana ƙara ciwon: ba ka yi komai ba, ba ka ji daɗin komai ba, ga zargin kai ya ƙaru. Don haka sai a juya abin. A fara aikin ko zuciya ba ta so, ita za ta biyo baya. Amma dole aikin ya zama ƙarami har ya kasance da wuya a kasa shi, domin kowane alkawarin da na karya bulala ce na ba ciwon ya dake ni da ita. Ta kuma ce in rataye shi a jikin abin da ban taɓa bari ba. Ni kuwa duk lalacewata ban bar salloli biyar ba, ko a zaune, ko a makare.

Washegari na buɗe tagar. Ban ji komai ba. Na zauna a tsakar gida ina kallon katanga, kajin maƙwabta suna ta kuka, autana ya fito da ido duk kwantsa ya haye cinyata ya koma barci. Da rana ta taɓa katangar na koma ɗaki. A kan teburin keke akwai tsohon gwangwanin Milo da babu komai a ciki, da ledar maɓallai. Na ɗauki maɓalli ɗaya na jefa. Ƙarar da ya yi a cikin gwangwanin, ƙwal, ita ce shaidar farko cikin wata biyu cewa na ce zan yi abu kuma na yi. Tun daga ranar, duk ranar da na cika ɗan abin da na ɗauka, sai in jefa ɗaya.

Sai da na yi mako biyu a kan taga kaɗai kafin aka ƙara mini wani abu, kuma ni na zaɓa: bayan Azahar in zuba wa keke mai. Ba ɗinki ba, mai kawai. Ranar da na yaye zanen nan ƙura ta tashi har na yi atishawa. Butterfly ne baƙi, marigayi ya saya mini shekarar da na haifi ta biyu. Zaren ruwan tokan nan na leshin Hajiya yana nan a cikin allura. Na daɗe ina kallonsa. Na zare shi a hankali, na naɗe a yatsa, na jefar. Na ɗiga mai a kowane rami, na goge da ƙyalle, na juya kan keken da hannu. Da farko ya cije, sannan ya saki, allurar ta sauka ta hau, ta sauka ta hau. Babbar 'yata tana wanke-wanke, da ta ji ƙarar sai ta bar kwanukan ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da kumfa a hannu. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Na mayar da zanen. Minti biyar abin ya ɗauka.

Bayan kwanaki sai layi ɗaya miƙaƙƙe a kan ƙyalle. Sai aljihun wandon auta da ya yage. Sai hijabin makaranta. Ranar da na ji ƙarfi nakan so in zarce, amma na koyi tsayawa tun da sauran marmari, don na lura duk ranar da na zage na yi aikin kwana uku, washegari ba na iya ɗaga kai.

Fita ita ta fi ba ni tsoro, saboda idon matan da na ɓata wa Sallah. Na fara da raka yara Islamiyya bayan La'asar, tafiyar da ba ta fi minti goma ba. Lokacin an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, kuɗin adaidaita ya ninka, kowa ya koma tafiyar ƙasa, don haka babu wanda ya kula da ni a hanya. Daren da na yi tafiyar nakan fi samun barci. Waya kuma, wadda nake kwana ina sauraron tsofaffin saƙonnin muryar marigayi a WhatsApp, na fara miƙa wa 'yata ita da an yi Isha'i. Ban goge saƙonnin ba, ba kuma zan goge ba. Na dai mayar da sauraron su ranar Juma'a da rana, lokacin da gida yake da mutane.

Karatun Alƙur'ani shi ya fi ci mini rai, don a nan nake ganin na gaza a gaban Ubangijina. Inna ce ta warware mini, tana tsinke zogale ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ke da kika yi Islamiyya, ba a karantar da ku cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne ba?" Na san hadisin tun ina yarinya, Nana A'isha ce ta ruwaito shi, amma ban taɓa tunanin da ni yake ba. Na koma shafi ɗaya bayan Magariba. Bugun Madina shafi 604 ne, wato a haka sai na yi kusan shekara ɗaya da wata takwas kafin in sauke. A wata biyun da nake rantsuwar izu biyu kullum, ko izu biyar ban haɗa ba.

Bashin leshi ma haka na yi masa. A watan Yuli na je gidan Hajiyar, ƙafata tana rawa, na durƙusa na gaya mata abin da ya faru, na ce ba ni da dubu arba'in da biyar amma zan riƙa kawo dubu ɗaya da ɗari biyar duk Juma'a. Ta ce ta yafe. Na roƙe ta ta bar ni in biya, don ina bukatar biyan fiye da yadda take bukatar kuɗin. Mako talatin. Sauran matan kuma na riƙa bin su ɗaya-ɗaya, mace ɗaya a mako, ina ba da haƙuri. Wasu sun dawo da ɗinki, wasu har yau ba su dawo ba.

Kada wani ya ɗauka tafiyar ta miƙe sumul. A watan Satumba na ji na warware, ga maganin yana busar mini da baki, ga wata ta ce mini irin waɗannan ƙwayoyin in an saba da su ba a rabuwa, sai na daina sha ban gaya wa kowa ba. Oktoba ta zagayo, watan rasuwarsa, na faɗi warwas. Kwana goma sha ɗaya ban buɗe taga ba. Na ɗauki gwangwanin zan zubar, don a ganina duk abin da ke ciki ya tashi a banza. 'Yata ta karɓe shi, ta juye a kan tabarma, ta ƙirga. Ɗari da goma sha takwas. Ta ce, "Umma, waɗannan ai kin riga kin yi su." Ta mayar da su ciki ta ajiye a inda yake.

Na koma asibiti da kunya. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce ƙa'idar maganin ita ce a ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, in za a bari kuma a rage a hankali tare da likita. Muka koma kan taga. Wannan karon kwana huɗu ya ɗauke ni in isa ga keke, ba mako biyu ba. Daga nan na yi wa kowane aiki ƙaninsa na ranar da ta yi nauyi: in shafi ya gagara, aya uku, in Islamiyya ta yi nisa, bakin layi in dawo. Shi ma maɓallinsa ɗaya cur.

Ba na cewa maɓalli ne ya warkar da ni. Allah ne ya warkar da ni, ta hanyar magani, da likitar da ta saurare ni, da Yaya da ta tsayar da adaidaita. Wanda ya kai ga jin gara ya mutu ba a ce masa ya buɗe taga a tafi a bar shi. A ranar ake kai shi asibiti, kuma ba a barin sa shi kaɗai. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwon a duniya sun kai kusan miliyan 280, mata sun fi maza yawa a ciki, kuma na tabbata a kowane layi na unguwarmu akwai wadda take bayan labule ana ce mata mai son jiki. Abin da nake roƙon masu zuwa dubiya shi ne su rage wa'azin haƙuri, don wallahi ta san haƙurin, shi take yi. Ki ce mata, "Tashi ki raka ni bakin titi." In ta ƙi, ki dawo gobe ki sake faɗa.

Na kai dubu ɗaya da ɗari biyar ta ƙarshe a watan Fabrairun 2024, ana cikin Sha'aban. A shekarar kala goma na yanke zan karɓa na Sallah. Na ja layi goma a littafin awo, da suka cika na rufe. Saura kwana uku a ɗauki azumi sai ga Hajiyar da kanta, da sabon leshi a leda, ta ce ni take so in ɗinka mata. Zuciyata ta yi tsalle. Idan akwai wadda ta cancanci in ƙara layi na goma sha ɗaya dominta, ita ce. Na riƙe ledar, na ji nauyin duwatsun a hannuna, na ce, "Hajiya, ki yi mini afuwa, littafina ya cika. In za ki iya jira, sai bayan Sallah." Ta dube ni, ta ce, "Ajiye shi a wurinki."

Na gama goman saura kwana huɗu Sallah. Mako guda bayan idi na je gidanta na sake auna ta, na karanta mata kowace lamba da ƙarfi kafin in rubuta. Na dawo na shimfiɗa leshin bayan Azahar, taga a buɗe, na rubuta sunanta da alli a bayan yadin, na sa 'yata ta riƙe mini littafin a shafin da ya dace. Na yi bisimillah na sa almakashi.